Girkin Zamanin Yaƙin Hitila a Kicin Ɗinmu Na Yau

Uwargida, ki auna sukari gram 227 ki zuba a kofi, ki ajiye ganyen shayi gram 57 a gefensa, sannan ki ɗora ƙwai ɗaya tal a kan faranti. Ki tsaya ki kalle su. Wannan shi ne rabon babban mutum ɗaya na mako guda cur a Ingila a mafi yawan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Ranar da na fara auna su da hannuna sai da jikina ya yi sanyi, domin sukarin nan a gidanmu ko kunun buɗa-baki na kwana uku ba zai kai ba.

Kafin yaƙin, kusan kashi biyu cikin uku na abin da Turawan Ingila ke ci ta ruwa yake shigo musu. Da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka fara nutsar da jiragen dakon kaya a Tekun Atlantika, sai gwamnati ta fara rabon abinci da kati a ranar 8 ga Janairun 1940. Aka fara da sukari da bota da naman alade, nama ya biyo baya a watan Maris, shayi a watan Yuli. Ba a saki mara ba sai a Yulin 1954, shekara tara bayan an ajiye bindiga. Ayaba ta ɓace ɓat daga kasuwanninsu. Albasa, wadda mu nan muke saye kashi-kashi, ta yi wuyar da har kyautar gasa ake bayarwa da ita. Mu ma yaƙin bai bar mu ba: samarinmu sun tafi dajin Bama, gyadar Kano kuma ta bi jirgin ƙasa zuwa Legas, ta haye teku aka matse ta aka yi wa Turawan Ingila mai da bota.

A cikin wannan ƙunci matan Ingila suka koyi samo zaƙi daga karas, da miƙa ɗan kitse ya isa gida guda, da dafa tukunya da rabin makamashi. Duk matar da ta je cika tukunyar gas ko ta tambayi kuɗin kwanon sukari a 'yan shekarun nan ta san dalilin da ya sa na koma tonon waɗannan girke-girke. Na gwada da yawa. Wasu ba su cancanci a sake ɗora musu tukunya ba, waɗanda na kawo nan su ne suka zauna a kicin ɗina.

Abu biyu kafin mu kunna wuta. Na farko, littattafan girkin wancan zamani cike suke da kitsen alade, duk inda kika gan shi ki sa bota ko kitsen saniya ko man gyaɗa. Na biyu, kada ki wahalar da kanki neman ainihin kayan da suka yi amfani da su a manyan kantuna da tsada. Su abin da ya fi araha a bayan gidansu suka ɗauka, ke ma abin da ya fi araha a kasuwarku za ki ɗauka.

Lemon karas

Ma'aikatar Abinci ta Ingila ta tallata karas ba ji ba gani, har da zanen wani likita mai siffar karas riƙe da jakar magani. Cikin abin da ta koya wa mutane akwai wani abin sha da suka kira Carrolade, ruwan karas ne da na wata saiwa da suke kira suwid, a matse a ƙyalle, babu sukari ko ƙwaya ɗaya. Ita suwid ɗin dangin kabeji ce, ba kuma a cika samunta a nan ba. Na gano ƙashin tsakiyar kabeji, wannan farin mai tauri da muke yarwa, yana ba da ɗan yaji-yajin da ya yi kusa da nata.

Ki samu karas kilo ɗaya, na lokacin sanyi ya fi zaƙi da ruwa. Ki wanke shi sosai da ruwan gishiri, ki kankare bayan sama-sama da bakin wuƙa, kada ki fere da kauri. Ki goga shi a gefen magogi mafi laushi, ki goga ƙashin kabeji guda ɗaya a kai. Ki barbaɗa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ki cakuɗa, ki rufe ki bar shi minti ashirin. Gishirin nan shi ke jawo ruwan ya fito, in kika tsallake shi hannunki zai gaji kafin ki samu abin kirki.

Sai ki shimfiɗa ƙyallen tatar kamu mai tsabta a kan roba, ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan kina murɗewa da ƙarfi. Za ki samu kofi ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki mayar da dusar cikin roba, ki zuba mata ruwan sanyi kofi ɗaya, ki dama ki sake matsewa, ki haɗa da na farko. In kina da bilanda ki markaɗa da ruwa kofi biyu ki tace, ya fi sauri, amma ya fi ruwa-ruwa.

Ki ɗanɗana shi haka zallansa tukuna, don ki ji abin da yaran Landan suka sha a 1942. Yana da zaƙi mai ƙanshin ƙasa, ba kowane yaro ne zai karɓa ba. Ni ina matsa rabin lemon tsami in goga ɗanyar citta kamar kan yatsa, abin da su a lokacin ko a mafarki ba su samu ba. A sha shi a ranar, da sanyi, domin in ya kwana launinsa yana dusashewa ɗanɗanon ya juya. Dusar kuma ki adana ta a rufe, za mu dawo kanta. A Ingila a 1940, lokacin yaƙin, doka ta mai da zubar da abinci mai kyau laifin da ake gurfanar da mutum a kansa.

Kofin sha'ir

Wannan daga ƙetaren ruwan Ingila ya fito. A Jamus da Italiya kofi na gaske ya yanke, sai mutane suka koma gasa sha'ir suna dafawa a madadinsa. Italiyawa ba su daina ba har yau, ana sayar da shi a shagunan shan kofinsu. Sha'ir ana samunsa a shagunan magungunan Musulunci inda ake sayar da kayan talbina, in babu ki yi da alkama.

Ki tsince kofi ɗaya, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau. Ki ɗora kasko mai kauri babu mai, wuta ƙasa-ƙasa, ki zuba ki riƙa juyawa da muciya ko ludayin katako ba tsayawa, kamar mai suyar riɗi. Minti goma na farko za ki ji ƙanshin burodi. Daga nan zai fara ja, yana ɗan ƙara tas-tas. Tsakanin minti ashirin da biyar zuwa talatin da biyar zai koma launin dabino mai duhu, nan za ki sauke. Hanyar gane ya yi ita ce ki ciro ƙwaya ɗaya ki fasa: in cikin fari ne da saura, in ya yi ruwan ƙasa har tsakiya ya isa. Ki juye shi nan take a faifai ko tire ki baza, domin zafin kasko kaɗai ya isa ya ƙona shi bayan an sauke. Karon farko na bar nawa a kasko na je amsa sallama, kafin in dawo ya zama gawayi, ɗacinsa ko zuma ba ta rufe shi ba.

In ya huce ki daka shi ɓarzo-ɓarzo kamar tsaki, kada ya zama gari, ki zuba a kwalba mai murfi. Wajen dafawa, cokali babba ɗaya a cike ga kowane kofin ruwa. Ya tafasa a hankali minti biyar, ki sauke ki bar shi ya kwanta minti biyu, ki tace. Da madara ya fi daɗi, kanumfari ɗaya ko ɗan girfa yana ɗaga shi. Ba ya hana barci, don haka tsofaffi da yara ma za su iya sha da daddare.

In sha'ir ya rage miki ɗanye, ki dafa cokali uku a ruwa lita ɗaya na minti talatin, ki tace, ki sa ɓawon lemon tsami da ruwansa da sukari cokali ɗaya. Wannan tsohon abin shan marasa lafiya ne a Ingila tun kafin yaƙi, yana kuma kashe ƙishi a watan zafi.

Akwai wani abin sha da ba za mu iya yin ainihinsa ba. Da lemon zaƙi ya yi wuya, aka riƙa tura yaran makaranta su tsinko 'ya'yan furen wardi na daji ana yin sirof da su saboda sinadarin bitamin C. Mu Allah ya hore mana 'ya'yan kuka, farin garin nan mai tsami, shi ma cike yake da wannan sinadari. Ki jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi na rabin awa, ki murje ki tace, ki sa ɗan zaƙi. Kada ki tafasa shi, zafi yana kashe abin da ake nema.

Fai ɗin Woolton

A Afrilun 1940 aka naɗa Lord Woolton ministan abinci. Shugaban masu girki na otal ɗin Savoy da ke Landan, François Latry, shi ya tsara wannan abinci marar nama aka sa masa sunan ministan. Asalinsa dankalin Turawa ne da karas da suwid da farin kabeji, kowanne gram 450, da albasa mai lawashi uku ko huɗu, da cokali ɗaya na garin ots, wani hatsi dangin alkama, da ƙaramin cokali na wani baƙin sinadarin ɗanɗano, a rufe da ɓawon fulawa a gasa. Gaskiya Turawan ba su so shi ba, yaƙi na ƙarewa suka juya masa baya. Da na dafa shi yadda yake a rubuce na gane dalili: lami ne. Amma ginin nasa mai kyau ne, ɗanɗano kawai ya rasa, wannan kuwa mu ba baƙonmu ba ne.

Ga yadda nake yi wa mutum shida. Dankalin Turawa gram 450, karas 450, kabewa mai tauri ko dankalin Hausa 450 a madadin suwid, kabeji 450 in farin bai samu ba. Albasa babba ɗaya da lawashi. A madadin baƙin sinadarin nan, daddawa ƙulli ɗaya a daka, aikinsu ɗaya ne, wato su ba ruwan miya nauyin da zai sa baki ya ɗauka akwai nama a ciki. Sai attaruhu ɗaya, masoro, tafarnuwa, gishiri.

Ki yanka komai ƙanana daidai wa daida, kamar kan babban yatsa. Ki soya albasa da mai cokali ɗaya har ta yi laushi, ki zuba dankali da karas, ki sa ruwa iya wanda zai taɓo samansu, kada ya shanye kansu. Nan ne mutane ke ɓata abin. Kayan lambu suna fitar da nasu ruwan, in kika cika tun farko za ki tarar da ɓawon yana iyo a kan romo. Bayan minti biyar da tafasa ki zuba kabewa da kabeji da daddawa da kayan yaji, ki barbaɗa ots cokali babba ɗaya zuwa biyu kina juyawa don kada ya kama ƙasa. Garin gero ma yana yin wannan aiki. Minti biyar kuma ki sauke. Ya kamata dankalin ya kasance da sauran ƙarfinsa, ruwan kuma ya yi kaurin miyar taushe. Ki ɗanɗana gishiri yanzu, bayan an rufe babu gyara. Ki zuba lawashi, ki juye a kwanon gashi, ki bar shi ya huce sosai. In kika ɗora kwaɓi a kan mai zafi botar ciki za ta narke ya yi danƙo.

Ɓawon shi ne wurin da dabarar yaƙi ta fi fitowa, domin dankali ne ke tsayawa a madadin rabin kitsen. Fulawa gram 225, wato kofi biyu saura kaɗan, bekin foda ƙaramin cokali biyu, gishiri kaɗan, bota cokali babba huɗu. Ki murje botar cikin fulawa da yatsu har ta koma kamar garin rogo. Ki zuba dafaffen dankali da aka dame ya huce gram 110, kamar matsakaici guda ɗaya, ki haɗa, ki yayyafa ruwan sanyi cokali-cokali har ya dunƙule. Kada ki yi ta bugunsa kamar na burodi. Ki murza shi da kwalba kaurin rabin yatsa, ki rufe kwanon, ki danne gefe da cokali mai yatsu, ki huda tsakiya wuri biyu don tururi, ki shafa madara a sama.

A oben, zafi digiri 200 na ma'aunin Salshiyas, minti ashirin da biyar zuwa talatin har ya yi ja. In babu oben, ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya ya yi zafi, ki ɗora kwanon a kai, ki rufe da murfin ƙarfe ki zuba garwashi a saman murfin. Na saman ya fi na ƙasan yawa, domin cikin ya riga ya dahu, ɓawon ne ke buƙatar wuta. Su Turawan da romon nama mai kauri suke ci in sun samu. Mu a gida da ɗan yajin ƙuli muke ci, kuma yaran da ke tsince kabeji daga cikin shinkafa ba sa barin komai a kwanon.

Kek ɗin dusar karas

Ki ɗauko dusar nan ta ɗazu gram 115. Fulawa gram 225, bota cokali shida, sukari cokali bakwai kacal, dabino yankakke guda biyar ko shida a madadin busasshen inabin da suke sawa, bekin foda ƙaramin cokali biyu, girfa kaɗan. Babu ƙwai: bekin soda rabin ƙaramin cokali a cikin fulawar, khal cokali babba ɗaya a cikin madara kashi biyu cikin uku na kofi. Ki murje bota da fulawa, ki zuba sauran busassun kaya da dusar, sai madarar a ƙarshe. Da zarar khal ya haɗu da soda zai fara kumfa, don haka oben ya riga ya yi zafi kafin ki kwaɓa, ki zuba a gwangwani ki sa nan da nan. Zafi 180, minti arba'in zuwa arba'in da biyar. Saboda an matse dusar, tana shan ruwa fiye da sabon karas, in kwaɓin ya yi tauri ki ƙara madara cokali biyu. Washegari ya fi daɗi.

Akwatin ciyawa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga duk wannan in ba kowace mace, wannan zan ba ta. Kwal da gas sun yi ƙaranci a Ingila, sai aka farfaɗo da tsohuwar dabarar tafasa tukunya a kan wuta sannan a binne ta cikin busasshiyar ciyawa ta ƙarasa dahuwa da zafin jikinta. Babu wani sihiri a ciki: abinci ba ya buƙatar ya yi ta ɓararraka kafin ya nuna, zafi mai ɗorewa yake so, ciyawa kuma tana hana zafin gudu.

Ki samu kwali mai ƙwari ko babban kwando ko tsohon akwatin katako, wanda in kin sa tukunyarki za a samu sararin faɗin tafin hannu ta kowane gefe da ƙasa da sama. Ki liƙe cikinsa da tsofaffin jaridu ninki uku ko huɗu. Ki cusa busasshiyar ciyawa a ƙasa ki danne sosai. Buntun shinkafa a cikin tsofaffin rigunan filo yana yi, haka tsummoki, haka audugar tsohuwar katifa. Ki ɗora tukunyar da za ki riƙa amfani da ita a tsakiya babu komai a cikinta, ki cusa ciyawa kewaye da ita dam-dam, sannan ki zare ta a hankali. Ramin da ta bari shi ne gurbinta, ki shimfiɗa masa tsohon zane. Sai ki cika rigar filo ɗaya ta zama murfin sama.

Tukunyar ta kasance mai murfi da ke kamawa, kuma abinci ya kai kashi uku cikin huɗu nata. Tukunyar da rabinta iska ce tana saurin hucewa. Shinkafa ta tafasa minti biyar a wuta, ki rage ruwan kaɗan daga yadda kika saba don babu inda zai ƙone, sai ta yi awa ɗaya a akwati. Waken da ya kwana a jiƙe ya tafasa da ƙarfi minti ashirin, sai awa uku. Nama mai tauri ko ƙafar saniya minti talatin a wuta, awa huɗu a akwati. Daga kan wuta zuwa cikin gurbi kada ki ɗaga murfi, kada kuma ki leƙa a tsakiya, duk leƙe ɗaya zafin da ya fita ba ya dawowa.

Hattara uku, kuma da gaske nake. In a kan gawayi ko itace kika dafa, ki duba gindin tukunya ki goge, ɗan garwashi ɗaya da ya maƙale ya isa ya tayar da gobara a cikin ciyawa. Duk abin da ke da nama ko kifi ki mayar da shi kan wuta ya sake tafasa sosai kafin a ci, kuma in kin buɗe kin tarar tukunyar ta koma ɗumi-ɗumi har hannu yana iya riƙe ta, akwatinki bai cusu ba, kada ki ba yara wannan naman. Na uku, da damina ki riƙa fito da ciyawar rana duk mako, in ta fara warin gumi ki canza ta.

Ki fara gwaji da wake, shi ne ya fi cin gas, shi ne kuma zai fi nuna miki bambancin. Ki jiƙa shi da daddare, ki tafasa bayan sallar asuba, ki binne ki tafi harkokinki. Wajen ƙarfe goma in kin ɗaga filon, ki sa tsumma kafin ki taɓa murfin, domin har lokacin yana ƙuna.